Rayuwar Mary Anning (1799–1847) da Gudummawarta ga Nazarin Ƙasusuwan Halittun Dauri

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Mary Anning, 'yar wani kafinta a garin Lyme Regis da ke kudancin Ingila, wadda ta shafe fiye da shekara talatin tana tono ƙasusuwan halittu masu jan ciki da suka rayu kimanin shekara miliyan 200 da suka shuɗe. An duba asalinta da yanayin sana'arta da manyan abubuwan da ta gano, sannan aka waiwayi dangantakarta da masanan zamaninta. Maƙalar ta nuna cewa aikin nata ilimi ne da ta tara da wahala, kuma masanan da suka ci moriyarsa sun fi sakin hannu wajen ba ta kuɗi a kan ambaton sunanta a rubuce.

Fitilun kalmomi: Mary Anning, burbushin halittu, masu jan ciki, Lyme Regis, tarihin kimiyya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga gidan adana kayan tarihin halittu ya tsaya gaban wani ƙaton kwarangwal, abin da zai karanta a jikin allon da ke ƙasansa shi ne sunan halittar da na masanin da ya raɗa mata suna, wani lokaci kuma da na attajirin da ya bayar da ita kyauta. Ba kasafai ake rubuta sunan wanda ya durƙusa cikin taɓo ya ciro ta ba. Rayuwar Mary Anning ta ba da damar duba wannan giɓi, domin da hannunta aka tono wasu daga cikin ƙasusuwan da aka gina ilimin halittun dauri a kansu a farkon ƙarni na 19.

A wannan maƙala, burbushin halittu na nufin ragowar jikin dabba ko tsiro da ƙasa ta binne tun zamani mai nisa, ma'adinai suka ratsa shi har ya koma dutse. Masu jan ciki kuwa su ne dangin ƙadangare da kada da maciji da kunkuru, tare da 'yan'uwansu na dauri da suka ƙare daga doron ƙasa.

2.0 Asali da Ƙuruciya

An haifi Mary Anning ranar 21 ga Mayu, 1799, a Lyme Regis, wani ƙaramin gari na bakin teku a yankin Dorset. Mahaifinta, Richard Anning, kafinta ne, mahaifiyarta kuma Mary Moore, wadda aka fi sani da Molly. 'Ya'ya goma suka haifa, amma biyu kaɗai suka girma, wato Mary da wanta Joseph. Sunan ma gadonsa ta yi daga yayarta, wadda wuta ta kama tufafinta ta rasu tana da shekara huɗu, watanni kaɗan kafin haihuwar Mary. A watan Agusta na 1800, tana da wata goma sha biyar, aradu ta faɗa wa wata bishiya da wasu mata uku suka tsaya a ƙarƙashinta, ɗaya na riƙe da ita. Matan uku suka mutu nan take, jaririyar ta rayu. Mutanen garin sun daɗe suna danganta kaifin basirarta da wannan al'amari.

Iyalin talakawa ne, kuma ba su bin Cocin Ingila, cocin da hukuma ke tafiya da shi. Mabiya irin ɗariƙarsu ba su samun digiri a jami'o'in Oxford da Cambridge a lokacin, mata kuwa ko wace ɗariƙa suke bi ba su da hanyar shiga jami'a. Iyakar karatun da Mary ta samu shi ne na makarantar ranar Lahadi ta cocinsu, inda ta koyi karatu da rubutu.

Yaƙe-yaƙen da Ingila ta yi da Faransa a wancan zamani sun hana masu hali zuwa yawon buɗe ido a sauran ƙasashen Turai, sai suka karkata ga garuruwan bakin tekun ƙasarsu. Richard ya ga kasuwa a nan. Yakan ɗauki Mary da Joseph su bi gaɓar teku suna tsintar duwatsu masu siffofi, su jera su a tebur kusa da inda keken doki ke sauke fasinja. Mutanen gari suna kiran masu naɗe kamar katantanwa duwatsun maciji, dogaye masu tsini kuma yatsun shaiɗan. Baƙi na sayen su a matsayin tsaraba, ba tare da sanin cewa ragowar halittun teku ne ba.

A watan Nuwamba na 1810 Richard ya rasu. Tarin fuka ya ci ƙarfinsa, ga kuma raunin da ya samu bayan ya faɗo daga kan gaɓar dutse. Ya bar bashi, har sai da iyalin suka nemi tallafin da ake ba matalauta. Mary na da shekara goma sha ɗaya. Daga nan tsintar duwatsu ta tashi daga ƙarin na cefane ta zama abin da gidan ya dogara da shi.

3.0 Gaɓar Lyme da Yanayin Sana'ar

Gabas da yamma da Lyme Regis akwai dogayen gaɓoɓi da suka yi wa teku bango. An gina su ne hawa-hawa, shimfiɗar dutsen farar ƙasa a kan shimfiɗar busasshiyar laka mai duhu, kuma dukkansu laka ce da ta kwanta a ƙarƙashin wani tsohon teku a farkon zamanin da masana ke kira Jurasik. Dabbar da ta mutu ta nutse cikin wannan laka marar iska ba ta saurin ruɓewa, shi ya sa ake samun kwarangwal da ƙasusuwansa jere kamar yadda suke a jiki.

Gaɓoɓin ba su da ƙarfi. Idan ruwan hunturu ya jiƙa su, igiyar teku kuma ta ci gindinsu, sai su zaftare, abin da ke ɓoye a ciki ya bayyana. Saboda haka lokacin da ya fi haɗari shi ne lokacin da ya fi albarka. Tilas mai nema ya fita bayan guguwa, ya bi gindin gaɓar da ba ta gama zubowa ba. Ga shi kuma teku na cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, don haka 'yan sa'o'in janyewar ne kaɗai lokacin aiki. Wanda ya yi jinkiri, ko dai ruwa ya tafi da abin da ya gani, ko ya rutsa da shi a jikin dutse. A watan Oktoba na 1833 ƙasa ta zaftaro ta binne karenta Tray, abokin fitarta na shekaru, a gaban idonta, ita ma da ƙyar ta sha.

Tsinta ita ce farkon aiki. Bayan an ga alamar ƙashi, sai a san inda sauran jikin ya dosa cikin dutsen, a yanko shi falle-falle ba tare da an farfasa ba, a ɗauko zuwa gida. Can ne za a yi makonni ko watanni ana ɓanɓare dutse daga jikin ƙashi da ƙananan ƙarafa masu kaifi, sannan a mayar da kowane yanki muhallinsa cikin firam na katako. Wanda bai san ƙirar jikin dabba ba ba zai iya wannan ba. Mary ta koya wa kanta. Takan ari maƙalun masana ta kwafe su da hannu, har da zane-zanensu, takan kuma feɗe kifaye da sauran halittun teku na yanzu domin ta kwatanta gaɓoɓinsu da abin da take tonowa.

4.0 Manyan Abubuwan da Ta Gano

4.1 Kifi-ƙadangare

A 1811 Joseph ya gano wani ƙoƙon kai mai tsawon fiye da mita ɗaya, mai dogon muƙamuƙi cike da haƙora da manyan ramukan ido. Bayan wasu watanni, a 1812, Mary ta gano sauran jikin. Mutanen gari suka ɗauka kada ne. Wani mai ƙasa a yankin, Henry Hoste Henley, ya saya a kan kimanin fam 23, daga hannunsa ya koma ga William Bullock, wanda ya baje shi ga masu kallo a Landan. A 1819 Gidan Tarihi na Birtaniya ya saye shi a gwanjo a kan fam 45 da sule 5.

An taɓa tsintar gutsattsarin irin wannan dabba kafin nan, amma wannan ne na farko da ya ja hankalin masanan Landan. Daga 1814 likita Everard Home ya rubuta maƙalu shida a kan irin halittar, yana ta sauya ra'ayi game da danginta, kuma ko sau ɗaya bai ambaci iyalin Anning ba. Sunan da ya zauna shi ne wanda Charles Konig ya ba da shawara, Ichthyosaurus, wato kifi-ƙadangare: dabba mai jan ciki da ta koma rayuwar teku, ƙafafunta suka zama filafilai, jikinta ya yi kama da na kifi.

Muhimmancin abin ya danganci muhawarar da ake yi a lokacin. A 1796 masanin Faransa Georges Cuvier ya kawo hujjojin cewa akwai jinsunan dabbobi da suka ƙare ƙaƙaf. Mutane da yawa ba su yarda ba, suna ganin duk halittar da aka ga ƙashinta tana nan raye a wani lungu na duniya da ba a kai ba tukuna. Dabba mai tsawon mita biyar da ba ta yi kama da komai mai rai ba ta sa wannan uzuri ya yi wuyar karewa.

Shahara dai ba ta cika tukunya ba. Zuwa 1820 iyalin sun yi kusan shekara ba su samu wani babban abu ba, har sun kai ga shirin sayar da kayan ɗaki domin biyan kuɗin haya. Wani tsohon hafsan soja da ke sayen kayansu, Laftanar-Kanar Thomas Birch, ya ga halin da suke ciki, sai ya yi gwanjon abin da ya tara domin ya tallafa musu. An yi gwanjon a Landan ranar 15 ga Mayu, 1820, aka tara fam 400, masu saye sun zo har daga Faris da Biyana. Daga nan masana suka fara sanin daga wane gida kayan ke fitowa. Joseph ya koma sana'ar gyaran kujeru, ragamar aikin ta dawo hannun Mary.

4.2 Mai Dogon Wuya

A 1821 William Conybeare da Henry De la Beche sun lura cewa wasu ƙasusuwan da ake samu na wata dabba ce dabam, suka kira ta Plesiosaurus, ma'ana makusancin ƙadangare. Sai dai gutsattsari kawai suke da su. Ranar 10 ga Disamba, 1823, Mary ta gano cikakken kwarangwal na farko: ɗan ƙaramin kai, filafilai huɗu, da wuya mai tsawon da ba a taɓa gani ba.

Wannan wuya ya kusa jawo mata asarar sana'a. Kusan duk dabbobi masu shayarwa, har raƙumin dawa, gaɓoɓi bakwai ne a ƙashin wuyansu, masu jan ciki na yanzu ma nasu kaɗan ne. Wannan kuwa an ƙirga masa 35. Da zanen ya isa ga Cuvier a Faris, sai ya yi zargin an haɗa kan wata dabba ne da jikin wata. A lokacin babu wanda maganarsa ta kai tasa nauyi a fagen ƙirar jikin dabbobi, kuma mai sayar da ƙasusuwa ba shi da jarin da ya wuce amana. Da zargin ya tabbata, da babu gidan tarihin da zai sake sayen komai daga hannunta. Ƙungiyar Masana Duwatsu ta Landan ta zauna a kan batun a farkon 1824, ta gamsu cewa kwarangwal ɗin na gaskiya ne, Cuvier kuma ya amsa cewa ya yi gaggawa. A watan Fabrairu na shekarar Conybeare ya gabatar da bayanin dabbar a gaban ƙungiyar. Ba a gayyaci Mary ba, bai kuma ambaci sunanta ba.

Zargin jabu ba abin wasa ba ne a wannan kasuwa. Bayan wasu shekaru an gano cewa wani mai tara irin waɗannan kaya, Thomas Hawkins, ya cike giɓin wasu kwarangwal da ƙasusuwan da aka ƙera, kafin ya sayar wa hukuma domin Gidan Tarihi na Birtaniya. Kayan Mary sun yi daraja ne saboda masu saye sun san abin da ta miƙa musu shi ne abin da dutse ya ba ta.

4.3 Mai Fiffike da Sauran Bincike

A 1826, tana da shekara 27, ta sayi gida mai shago da tagar gilashi, ta baje kayanta. A watan Disamba na 1828 ta gano kwarangwal na wani mai jan ciki mai fiffike, na farko da aka samu a wajen Jamus. William Buckland na Jami'ar Oxford ya yi bayaninsa a 1829, daga baya Richard Owen ya sa masa suna Dimorphodon. A ƙarshen 1829 ta gano wani baƙon kifi da aka kira Squaloraja, a 1830 kuma wani sabon nau'in mai dogon wuya da aka saya a kan fam 200.

Ƙananan abubuwa biyu sun fi waɗannan nuna zurfin lurarta. Na farko, ta gano cewa cikin duwatsun da ake kira yatsun shaiɗan akwai wani ɗan zuciya mai ɗauke da busasshiyar tawada, irin jakar tawadar da wasu halittun teku na yanzu ke fesawa don su tsere wa maƙiyi. Ƙawarta Elizabeth Philpot ta jiƙa tawadar ta yi zane da ita. Na biyu, ta lura cewa wasu dunƙulallun duwatsu na yawan fitowa daga yankin cikin kifi-ƙadangare, kuma idan aka fasa su akan ga ƙayoyi da ɓawon kifi. Ta fahimci cewa najasar dabbobin ce ta daskare. Buckland ya gina a kan wannan, ya raɗa musu suna kofrolait a 1829, kuma a wannan karo ya ambace ta. Ta nan aka samu hanyar sanin abin da dabbobin dauri ke ci, da wa ke cin wa.

5.0 Matsayinta Tsakanin Masana

Masana sun san darajarta, kuma sun nuna hakan da ƙafafunsu. Buckland da Conybeare da Owen duk sun bi ta gaɓar teku tana yi musu jagora. Louis Agassiz, masanin kifayen dauri ɗan ƙasar Suwizalan, ya ziyarci Lyme a 1834, daga baya ya sa wa nau'in kifi biyu sunanta. A 1844 Sarkin Saksoni, Frederick Augustus na II, ya shiga shagonta ya sayi kwarangwal. Duk da haka ƙofar Ƙungiyar Masana Duwatsu, wadda aka kafa a 1807, a rufe take gare ta, domin sai a 1919 ƙungiyar ta fara karɓar mata a matsayin mambobi. A tsawon rayuwarta abu ɗaya tak aka buga mata a mujallar kimiyya: wani yanki na wasiƙar da ta aika wa Magazine of Natural History a 1839, inda ta yi gyara a kan wani bayani da aka yi game da kifin Hybodus.

Al'adar zamanin ita ce a jingina abu ga wanda ya saye shi. Idan talaka ya tono ya sayar, an ɗauka an biya shi haƙƙinsa, sunan da zai shiga littafi na mai kuɗin ne. Haka Owen ya yi a 1840 da ya rubuta bayanin mai dogon wuyan da ta gano a 1830: ya yaba wa basaraken da ya saya, ya tsallake wadda ta tono ta gyara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasiƙunta da shaidar waɗanda suka zauna da ita sun nuna cewa abin ya yi mata ciwo, tana ganin an tatsi iliminta an gina suna da shi.

Adalci ne kuma a faɗi cewa waɗannan masana ba su yasar da ita ba. A 1830, da kasuwa ta faɗi, De la Beche, wanda ya san ta tun suna matasa a Lyme, ya zana wani hoto mai suna Duria Antiquior, inda ya nuna dabbobin da ta gano suna iyo suna farautar juna a tsohon tekun Dorset. Shi ne hoton rayuwar dauri na farko da ya yaɗu wanda aka gina a kan shaidar ƙasusuwa. Aka buga kwafe-kwafensa aka sayar, kuɗin ya tafi gare ta. A 1835 ta yi asarar kusan duk abin da ta tara, kimanin fam 300, a wani jarin da ya nutse. Buckland ya tsaya har aka yanka mata fansho na fam 25 a shekara daga Ƙungiyar Ciyar da Kimiyya Gaba ta Birtaniya da kuma gwamnati. Abin lura shi ne, duk taimakon nan ya zo ne da fuskar jinƙai ga mabuƙaciya. Ambaton suna a maƙala, wanda ba ya cin ko kwabo, shi ne ya fi yi musu nauyi, domin yin sa na nufin amincewa da ita a matsayin abokiyar aiki.

6.0 Ƙarshen Rayuwarta

A shekarunta na ƙarshe ciwon dajin mama ya kama ta, aiki ya ja baya. A 1846 mambobin Ƙungiyar Masana Duwatsu suka tara mata gudummawa, sabon gidan tarihin Dorset kuma ya ba ta mamba ta girmamawa. Ta rasu ranar 9 ga Maris, 1847, tana da shekara 47, aka binne ta a harabar cocin St Michael da ke Lyme Regis. Ba ta yi aure ba. A 1848 De la Beche, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙungiyar, ya karanta ta'aziyyarta a gaban taro, aka kuma buga a mujallarsu, karramawar da aka saba keɓe wa mambobi. A 1850 aka kafa tagar gilashi mai launi a cocin domin tunawa da ita.

Ta rasu shekara goma sha biyu kafin Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin jinsunan halittu a 1859, amma tabbacin cewa duniya ta taɓa ɗaukar halittun da babu su yanzu, wanda wannan muhawara ta tsaya a kansa, ƙasusuwan Lyme na cikin abin da ya kafa shi. A 2010 Ƙungiyar Masana Kimiyya ta Masarautar Birtaniya ta sa ta cikin mata goma na ƙasar da suka fi tasiri a tarihin kimiyya. A 2015 aka sa wa wani nau'in kifi-ƙadangare sunanta, ranar 21 ga Mayu, 2022, kuma aka buɗe mutum-mutuminta a Lyme Regis.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi Mary Anning daga teburin mahaifinta na sayar da tsaraba zuwa shagon da sarakuna da shehunan malamai ke shiga. An ga cewa abin da ake ɗauka sa'ar tsintuwa ce ya ƙunshi sanin dutse da lokacin teku da ƙirar jikin dabba, da kuma amanar da ta tsallake zargin babban masanin Turai. An kuma ga yadda tsarin zamaninta ya raba aikin gida biyu, ya ba mai alƙalami suna, ya sallami mai guduma da kuɗi. Wannan ya sa har yau masu kula da gidajen tarihi ke bin tsofaffin rasitai da wasiƙu domin gano waɗanne kayan da ke hannunsu ne suka fito daga shagonta, tun da sunayen masu saye aka rubuta a kansu. Wasu daga cikin waɗanda aka tabbatar suna rataye a bangon Gidan Tarihin Halittu na Landan, kuma yanzu sunanta na rubuce a gefensu.